Wa Zai Yi wa Alƙali Shari'a? Cin Hanci da Tonon Asiri a Ƙagaggun Labaran Kotu

A cikin ƙagaggun labaran Amurka akwai wani reshe da ya ginu kacokan a kan kotu da lauyoyi. Ya yi tashe ne tun daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da lauyoyi irin su Scott Turow da John Grisham suka shiga harkar rubutu. Mugaye a waɗannan labarai iri-iri ne, daga shugaban kamfanin da ke malala guba a ruwan sha zuwa ɗan sandan da ke shirya shaidar zur. Amma babu wanda ke tayar wa mai karatu da hankali kamar alƙalin da aka saya. Duk sauran akwai inda za a kai ƙararsu. Idan kuwa mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi, ina za a dosa? Marubuci na son wannan hali ƙwarai, domin yana toshe wa jarumin labari hanyar da kowa ke bi, ya tilasta masa neman wata.

Hanyar da ta rage kusan kullum ɗaya ce: wani na ciki ya buɗe baki. Akawun kotu, ko mai ɗaukar bayanan zaman shari'a, ko lauyan da ya taɓa kai saƙo da hannunsa. Mai karatu zai iya ɗauka wannan dabarar marubuta ce kawai don labari ya yi armashi. Ni a ganina a wannan gaɓa marubutan sun faɗi gaskiya, gaskiyar da ma ba kowane masanin doka ke fitowa ya faɗa ba. Inda suke kaucewa daban ne, kuma za mu zo wurin.

Abin da ya sa sai da na ciki shi ne, alƙalin da ya ci hanci ba ya bukatar karya doka a bainar jama'a. Aikin alƙalanci cike yake da wuraren da doka ta ce masa ya duba ya yanke yadda ya ga ya dace. Shi ne zai ce wannan shaida ta karɓu, waccan ba ta karɓu ba. Shi ne zai ce ya gaskata wannan mai ba da shaida, wancan kuma bai kwanta masa a rai ba. Beli, ɗage zama, tsawon ɗauri tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da doka ta tanada, duk a hannunsa suke. Hukuncin da aka saya da hukuncin da aka yi kuskure a cikinsa da zuciya ɗaya, a kan takarda ba su da bambanci. Kotun ɗaukaka ƙara kuwa takarda take karantawa, kuma al'adarta ce ta girmama alƙalin da ya ga shaidu ido da ido.

Shari'ar Harry Aleman a birnin Shikago ta nuna wannan ƙarara. Aleman makashi ne na ƙungiyar 'yan mafiya, an tuhume shi da harbe wani jami'in ƙungiyar direbobi a 1972. Da aka zo shari'a a 1977, sai ya ce ba ya bukatar 'yan juri, wato mutanen garin da ake zaɓowa su saurari shaidu su yanke ko mutum ya yi laifi. Ya zaɓi alƙali shi kaɗai ya yanke, kuma doka ta ba shi wannan dama. Alƙali Frank Wilson ya saurari wanda ya ce a kan idonsa aka yi kisan, ya ce bai gamsu ba, ya sallami Aleman. Gari ya ɗauki surutu, jaridu suka yi ca, amma babu abin yi, domin a dokar Amurka gwamnati ba ta ɗaukaka ƙara idan an wanke mutum, kuma ba a gurfanar da shi sau biyu a kan laifi ɗaya. Haka zancen ya kwanta har sai da lauyan da ya shirya cinikin, Robert Cooley, ya kai kansa wurin jami'an tarayya a 1986, ya shiga naɗar muryoyin abokan harkarsa a ɓoye. Shi ya bayyana cewa dala 10,000 aka biya. Wilson ya kashe kansa a 1990. Kotuna suka ce tun da alƙalin sayayye ne, Aleman bai taɓa fuskantar haɗarin hukunci na gaske a karon farko ba, don haka za a iya sake gurfanar da shi. Aka same shi da laifi a 1997, shekara 25 bayan kisan.

A lura da ko wane ne Cooley. Shekara da shekaru ya yi yana gyara wa 'yan mafiya shari'u, kuma ɗan caca ne. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin da ya san inda aka binne asiri galibi da shi aka yi haƙan ramin. Marubutan da suka ƙware sun gane wannan, shi ya sa mai tonon asiri a labaransu da wuya ya zo da hannu mai tsabta. Turow ya yi aiki a matsayin lauyan gwamnatin tarayya a Shikago daga 1978 zuwa 1986, yana cikin waɗanda suka gurfanar da mutane a babban binciken cin hancin alƙalai da aka yi wa laƙabi da Greylord. Da ya zo rubuta littafinsa Personal Injuries a 1999, sai ya ɗora labarin a kan lauyan da aka kama da ɓoyayyen asusun da yake biyan alƙalai da shi, aka ce masa ko ya ɗaura na'urar naɗar murya ko ya tafi gidan yari. Mutum ne maƙaryaci, mai daɗin baki, kuma duk nasarar binciken ta rataya a wuyansa. Wannan ya fi kusa da yadda abin ke faruwa a kan labarin salihin bawan Allah da ya ga ɓarna ya kasa barci.

Shi kansa binciken Greylord ya fi ƙagaggen labari ban mamaki. An fara shi a 1980 a kotunan gundumar Cook, inda Shikago take. Da yake ba za a iya gwada alƙali da shari'ar gaske ba tare da an cuci wani ba, sai hukumar FBI ta riƙa ƙirƙiro laifuffuka, jami'anta su fito a matsayin wanda ake tuhuma da wanda aka zalunta, a ga ko kuɗi zai juya hukunci. Wani matashin mai gabatar da ƙara, Terrence Hake, ya yi sama da shekara uku yana nuna wa abokan aikinsa shi ma ɗan hannu ne. Wani alƙali da aka aro daga kudancin jihar Ilinoi, wadda Shikago ke cikinta, Brocton Lockwood, ya riƙa ɓoye na'ura a cikin takalminsa. An dasa na'urar saurare a ofishin wani alƙali. A ƙarshe an tuhumi mutum 92, cikinsu har da alƙalai 17 da lauyoyi 48, ga 'yan sanda da ma'aikatan kotu. Yawan lauyoyin ya kusa ninka na alƙalan sau uku, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Alƙali ba ya miƙa hannu da kansa. Akwai dillalai tsakaninsa da mai bayarwa, ta yadda ko an kama ɗan aike, sai a rasa igiyar da za ta kai ga maigidan.

Akwai wata illa da littattafan ba su cika taɓowa ba, alhali ita ce ta fi muni. Ana ɗauka wanda alƙali mai cin hanci ya cuta shi ne abokin shari'ar wanda ya biya. To, waɗanda ba su biya ba fa, a wasu shari'un dabam? Thomas Maloney alƙali ne a Shikago da aka samu da laifi a 1993 na karɓar kuɗi don wanke masu kisan kai. An san shi da tsanani, mai gabatar da ƙara na murna idan shari'a ta faɗo gabansa. Wani da aka yanke wa hukuncin kisa a kotunsa, William Bracy, ya kawo hujjar cewa wannan tsanani lulluɓi ne, wato Maloney na gallaza wa waɗanda ba su ba shi komai ba don kada a yi zargin sassaucin da yake yi wa masu biya. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Bracy damar ya binciko hujjojin da za su tabbatar da hakan. Ko da bai iya tabbatarwa ba, tambayar ta riga ta shafi duk wata shari'a da ta taɓa bi ta gaban mutumin. Labari mai jarumi ɗaya da shari'a ɗaya ba shi da wurin da zai ajiye ɗaruruwan mutane irin waɗannan.

Sai batun abin da ke sa mutum ya yi magana. A littafin Grisham na 2016, The Whistler, wata alƙaliya ce a jihar Filorida ke cin rabonta daga kuɗin gidan caca da aka gina a ƙasar wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, mai tonon asirin kuma yana ɓoye a bayan masu shiga tsakani, yana sa ran samun kaso mai tsoka idan aka ƙwato dukiyar. Wannan tunani yana da tushe a dokar ƙasar. Tun 1863, zamanin yaƙin basasa, gwamnatin Abraham Lincoln ta kafa dokar da ta ba ɗan ƙasa damar shigar da ƙara a madadin gwamnati a kan wanda ya damfare ta, ya kuma karɓi wani kaso. An ƙarfafa dokar a 1986, kason yana kamawa daga kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, kuma jihohi da yawa sun yi tasu. Sai dai an tsara ta ne don masu zambar kuɗin gwamnati, irin 'yan kwangila da asibitoci da kamfanonin magani. Alƙalin da ya karɓi kuɗi daga aljihun wani ya juya hukunci bai taɓa baitulmali ba, don haka mai fallasa shi ba lallai ya sami ko sisi ta wannan hanya ba.

Abin da ya fi samuwa shi ne asarar aiki. Dokar kare masu fallasa ta 1989 ma'aikatan ɓangaren zartarwa na tarayya ta rufe, ba ta kai ga ma'aikatan kotunan tarayya ba, waɗanda sai dai su bi tsarin koke na cikin gida da alƙalan ke kula da shi. A 2006 kuma, a shari'ar wani mataimakin mai gabatar da ƙara na Los Anjalas mai suna Richard Ceballos, wanda ya rubuta wa manyansa cewa akwai ƙarya a takardar rantsuwar da aka nemi izinin bincike da ita, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen biyar da huɗu cewa maganar da ma'aikacin gwamnati ya yi a bakin aikinsa ba ta samun kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulki ya tanada. Shi kuwa lauya, gobe ma a gaban wannan alƙali ko abokinsa zai tsaya, da abincinsa da makomar waɗanda yake karewa. Marubuta kan nuna haɗarin da mota mai bin mutum a baya cikin dare da harsashi ta taga. Ana yin kisa, ba a ce ba a yi ba, Cooley ma sai da ya ɓuya bayan ya ba da shaida. Amma abin da ke rufe bakin yawancin mutane bai kai haka ba: canjin wurin aiki, ƙin gaisuwa a harabar kotu, shari'u su fara suɓucewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an san dalili ba.

A nan ne nake ganin littattafan suka fi kauce wa zahiri. Labari mai jan hankali yana bukatar asiri, abin da mutum biyu ko uku kaɗai suka sani, wanda da zarar ya fito komai zai rushe. Abin da ya faru a gundumar Luzerne ta jihar Fensilbeniya ya nuna akasin haka. Alƙalai biyu, Mark Ciavarella da Michael Conahan, sun sa an rufe gidan tsare yara na gunduma a 2002, aka koma tura yara wasu gidaje masu zaman kansu, su kuma suka karɓi kusan dala miliyan 2.8 daga wanda ya gina gidajen da ɗaya daga cikin masu su. Kuɗin a ɓoye aka biya, gaskiya ne. Amma abin da ake yi wa yaran a fili ake yin sa. Fiye da rabin yaran da suka gurfana gaban Ciavarella ba su da lauya. Cikin 'yan mintoci ake gama zama. Wata yarinya 'yar shekara 15 an yanke mata wata uku saboda ta buɗe shafin barkwanci a intanet tana kwaikwayon mataimakiyar shugaban makarantarsu. Duk wannan a gaban masu gabatar da ƙara aka yi, da lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, da jami'an kula da masu laifi, shekara da shekaru. Makarantu na yaba wa Ciavarella da rashin wasa, masu zaɓe kuma suka sabunta masa wa'adi a 2005.

Kuma ba a rasa masu magana ba. A 2006 wani ya aika wa hukumar ladabtar da alƙalai ta jihar takardar koke marar suna a kan Conahan, hukumar ta ajiye ta ba ta bincika ba. A 2008 wata cibiyar lauyoyi masu kare haƙƙin yara ta roƙi Kotun Ƙolin jihar ta sa baki, kotun ta ƙi a farkon 2009, sai da masu gabatar da ƙara na tarayya suka bayyana tuhuma 'yan kwanaki bayan haka sannan ta sauya ra'ayi. Wato an busa usur, ba a sami mai juyowa ba. A littafi, wahalar ita ce isar da takarda hannun hukuma kafin mugaye su cim ma mai ɗauke da ita. A Luzerne takardar ta isa lafiya lau. Ko a ƙarshe ma, ɗaya daga cikin manyan shaidun gwamnati shi ne lauyan da ke da hannun jari a gidajen, wanda ya biya kuɗin, ya kuma naɗi muryoyin alƙalan don ya rage wa kansa ɗauri.

Dubi kuma yadda shari'ar Ciavarella ta ƙare a 2011. Cikin tuhuma 39, 'yan juri sun same shi da laifi a 12, suka wanke shi a sauran. Ya dage a kan cewa kuɗin lada ne na haɗa ciniki, bai taɓa tura yaro gidan tsare don a biya shi ba, tun asali shi mai tsanani ne. An ɗaure shi shekara 28, amma wannan kariya tasa ta sake fito da matsalar farko: ko da an ga kuɗi, an ga hukunci, ɗaura wannan da wancan aiki ne mai wuya.

Wani nau'in kuma ko ɓoye shi ba a yi, domin doka ba ta hana ba. A jihohi 39 na Amurka ana zaɓen aƙalla wasu alƙalai ta hanyar ƙuri'a, kuma yaƙin neman zaɓe kuɗi yake ci. Grisham ya gina littafinsa The Appeal na 2008 a kan attajirin da ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗauki nauyin ɗan takarar kujerar kotun ƙolin jiha a kan ya biya diyyar da aka yanke masa. A jihar Birjiniya ta Yamma an yi kusan haka a zahiri. A 2002 'yan juri suka ci kamfanin haƙar kwal na Massey diyyar dala miliyan 50. A 2004 shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 don ganin Brent Benjamin ya hau kujerar kotun ƙolin jihar. Benjamin ya ci zaɓe, aka nemi ya janye daga shari'ar ya ƙi, aka soke diyyar da rinjayen uku da biyu, ƙuri'arsa na cikin ukun. Babu wanda ya nuna an yi yarjejeniya tsakaninsu, babu jakar kuɗi, babu abin da wani akawu zai kwarmata. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ya kamata ya janye, da rinjayen biyar da huɗu, inda Babban Joji John Roberts ya jero tambayoyi 40 yana nuna cewa ba a san inda sabuwar ƙa'idar za ta tsaya ba. Shari'ar ta koma jihar, aka zauna ba tare da Benjamin ba, kamfanin ya sake yin nasara da huɗu da ɗaya. Mai tonon asiri ba shi da aiki a irin wannan labari, kuma ina jin shi ya sa marubuta ba su cika komawa gare shi ba.

Sauran wurin da littafi ke yi wa mai karatu rangwame shi ne ƙarshe. An sa wa alƙali ankwa, an rufe littafi. A zahiri daga nan wata doguwar tafiya ke farawa. Alƙalan tarayya ba su da wa'adi, majalisa ce kaɗai ke iya tsige su, kuma a duk tarihin ƙasar takwas kacal aka cire ta wannan hanya. Ɗaya daga cikinsu, Alcee Hastings, kotu ta wanke shi daga zargin cin hanci a 1983, majalisar dattawa ta cire shi a 1989, ya tsaya takara a 1992 ya zama ɗan majalisar wakilai, ya zauna a can har rasuwarsa a 2021.

Wanda aka zalunta kuma idan ya nemi diyya sai ya ci karo da rigar kariyar alƙalai. Ƙa'idar ita ce ba a ƙarar alƙali don neman kuɗi a kan abin da ya yi a matsayinsa na alƙali, ko da an ce da mugun nufi ya yi. A 1978 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan kariya ga wani alƙalin jihar Indiyana da ya sa hannu aka yi wa yarinya 'yar shekara 15 aikin hana haihuwa ba tare da an saurare ta ba, an ce mata wata tiyata dabam za a yi. Hujjar masu kare ƙa'idar tana da ƙarfi, domin in da kowane wanda ya sha kaye zai iya maka alƙali a kotu, da babu alƙalin da zai yi hukunci a kan mai ƙarfi. Amma kariyar da aka ɗinka don alƙali nagari ita ce mugun ma ke sawa. A Luzerne, kotun tarayya ta ce ba za a bi alƙalan biyu bashin hukuncin da suka yanke a zauren kotu ba, sai dai abin da suka ƙulla a wajensa, kamar rufe gidan tsare yara na gunduma. Kotun Ƙolin jihar ta soke dubban hukunce-hukuncen da Ciavarella ya yanke tsakanin 2003 da 2008. Sai a 2022 aka yanke wa kusan mutum 300 diyyar sama da dala miliyan 200, lokacin yaran sun zama magidanta, wasu sun mutu, kuma kuɗi ne da kowa ya san mutanen biyu ba su da shi. A watan Disamba na 2024 Shugaba Joe Biden ya sassauta wa Conahan ragowar ɗaurinsa, cikin jerin mutum kusan 1,500 da ke zaman ɗaurin talala a gida tun lokacin annobar korona.